Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Baburan Kai Saƙo Da Mushrifansu (Masu Kula Da Yaran Aiki) A Jidda, Makka Da Riyad Kan Hular Kwano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai, iyayenmu da yayyenmu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran da ke aiki a hannunku. Masu wannan takarda makanikan babur ne da masu sayar da kayansa, waɗanda baburanku ke kwana a warsharsu, wato garejinsu. Mun san yadda kuke riƙe da dabbab, wato babur: akwai littafin juyen mai, akwai ranar sauya taya, birki kuwa da ya fara ƙara an kawo shi. Abu guda ne ba ya cikin littafin, shi ne hular kwano. Ita sau ɗaya ake sayenta, a katan, mafi araha, girma ɗaya, a rataya wa kowane babur tasa, daga nan ba a sake waiwayarta sai ta tsage gida biyu. Roƙonmu shi ne ku shigar da ita littafin, ta samu mai ita da ranar saye da ranar ajiyewa, yadda taya ke da su.

Kun fi mu sanin cewa a dokar hanya ta ƙasar nan hawa babur babu hular kwano mukalafa ce, wato laifin hanya, tararta daga riyal 1,000 zuwa 2,000. Wannan tara ta yi aiki, domin yanzu da wuya a ga mandub, wato mai kai saƙo, a titi kai tsirara. Sai dai ta haifar da wata irin hula da aka saya saboda idon Murur, 'yan sandan hanya, kawai. Jami'i daga nesa yake hange, ya ga abu a kai ya wuce. Kwalta kuwa ba hange take yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da binciken da ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69, amma hular da ake nufi ita ce wadda ta ci gwaji, ta yi daidai da kan mai ita, kuma aka ɗaure ta. In ɗaya ya faɗi cikin ukun nan, lissafin ya tashi. Hula mai shaidar gwaji kuwa, ta masu matsakaicin ƙarfi, ba ta kai kuɗin tarar guda ba.

Ku ɗauki hula ɗaya ku cire katifar cikinta ku duba, abu huɗu za ku gani. Akwai kwanon waje, wanda galibi roba ce mai tauri, ABS ko polikabonet, masu tsada kuma na zaren gilas ne ko kabon. Aikinsa ya hana abu mai tsini shiga, ya baza ƙarfin bugu a fili mai faɗi, ya kuma zame a kan kwalta maimakon ya cije ya murɗe wuya. Akwai katifa mai laushi da matasan kumatu, su ne ke riƙe kai kada ya yi wasa a ciki, su kuma sha gumi. Akwai maɗaurin haɓa. Sannan akwai wanda mutane suka fi rainawa alhali shi ne hular: farin soso mai tauri da ke manne a cikin kwanon, dangin wanda ake tallafe firji ko na'urar sanyaya ɗaki da shi a kwali, masu sana'a na ce masa EPS. A hular kirki kaurinsa kan kai santimita biyu da rabi zuwa huɗu.

Abin da ke kashe mutum a faɗuwa ba fashewar ƙoƙon kai kaɗai ba ne. Kai ne ke tsayawa cak a lokacin da ƙwaƙwalwa ke kan tafiya, sai ta bugi ƙashi daga ciki, jijiyoyi su tsinke, jini ya taru. Farin soson nan yana murƙushewa a hankali a ƙarƙashin bugun, sai tsayawar kai ta ɗauki ɗan lokaci fiye da yadda za ta ɗauka, ƙarfin da ya isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Da ya murƙushe kuwa ba ya komawa yadda yake. Kamar ashana yake, sau ɗaya ake ƙyasta shi. Shi ya sa hular da ta taɓa bugun ƙasa da kai a cikinta ta gama aiki, ko da fentinta bai ƙuje ba, domin kwanon waje yakan lotsa ya dawo, ya ɓoye ramin da ya bari a ƙarƙashinsa. Masu cewa "ai nan kusa ne, lungu biyu zan shiga" su sani cewa kan mutumin da ke zaune a babur yana wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, abin da ya faɗo daga wannan tsayi kuwa yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 20 a awa, ko da babur ɗin a tsaye yake. Gefen dakalin titi bai san nisan tafiya ba.

Wajen saye, kada ku tsaya ga sitikar da ke ƙeyar hula. Tambarin DOT na Amurka ne, kuma a tsarinsu kamfani da kansa yake shaidar cewa kayansa sun cika ƙa'ida, hukuma sai daga baya take ɗaukar samfuri ta gwada. Sitikar kuwa kowane mai injin buga takarda zai iya yin ta. Wanda ya fi wahalar ƙirƙira shi ne na ƙa'idar ECE 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Turai ke aiki da ita, domin sai an kai hular ɗakin gwaji kafin a ba ta lamba. Shaidarsa wani ɗan ƙyalle ne da ake ɗinkewa a jikin maɗaurin haɓa ko a katifar ciki. A kansa akwai da'ira da harafin E da lamba a gefensa: E1 Jamus, E3 Italiya, E4 Holan, E9 Sifen. Wannan lamba tana nuna ƙasar da ta amince da hular ne, ba inda aka ƙera ta ba, saboda haka kada ganin an yi ta a Sin ko Indiya ya ɗaga muku hankali. A ƙarƙashin da'irar akwai doguwar lamba. In ta fara da 05, tsohuwar ƙa'ida ce, 22.05, in ta fara da 06, sabuwa ce, 22.06, wadda ta ƙara yawan wuraren da ake buga hular da kuma bugun karkace, irin wanda ke juya kai. Bayan lambar akwai harafi: P na nufin an gwada kariyar haɓa, J hular da ba ta da haɓa ce, NP kuwa tana da haɓa amma ta ado ce, ba a gwada ta ba. Mai sayen katan-katan ya nemi dillali ya nuna masa takardar shigo da kayan ta manhajar Saber, wadda SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, ke kula da ita. Dillalin da ya fara kame-kame a nan ya riga ya ba ku amsa.

Hannu ma yana gane jabu. Hular da ta rufe fuska duka nauyinta kan kama daga kilo ɗaya da gram 300 zuwa kilo ɗaya da gram 700. Wadda kuka ɗaga kuka ji ba ta kai kilo ba, ku ajiye ta. Ku kama gefe da gefe ku matse: ta kirki tana ɗan motsawa ta tsaya, ta banza tana lanƙwashewa har gefunan su kusa haɗuwa. Ku sa babban yatsa ku danna cikinta. In yatsa ya isa kwano nan take, soson katifa ne kawai aka liƙa. Ku dubi inda maɗauri ya kama kwano, ƙusar ƙarfe ya kamata a gani, ba gam ko maɓallin roba ba. Hular leburan gini da hular keke ba sa cikin wannan magana ko kaɗan. Ta gini an yi ta ne don abin da ke faɗowa daga sama, babu soso a gefenta, kuma tana barin kai tun kafin mutum ya kai ƙasa.

Mun san yaran sun fi son mai buɗaɗɗiyar fuska saboda zafi da kuma magana da kwastoma. Amma binciken haɗurra da Dietmar Otte ya yi a Hanoba ta Jamus ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na bugun da hula ke sha a haɓa da muƙamuƙi yake sauka. Mutumin da ya daki bayan mota a danja da fuska yake tafiya. Ra'ayinmu shi ne ku sayi mai rufe fuska duka mai ƙofofin iska a goshi da haɓa da ƙeya. In dole sai wadda ake ɗaga haɓarta, to a duba harafinta: wadda aka rubuta wa P/J ce kaɗai aka gwada a buɗe da rufe, sauran sai an sauke haɓar ta yi ƙaras kafin a tashi babur.

Girma kuwa ba a cankarsa da ido. A samu tef ɗin tela a zagaya kan yaro, santimita biyu sama da gira, ta saman kunnuwa, ta inda ƙeya ta fi tudu. A yawancin kamfanoni 55 zuwa 56 ƙarama ce, S. 57 zuwa 58 M. 59 zuwa 60 L. 61 zuwa 62 XL. Wannan mafari ne kawai, domin kawuna sun bambanta, wani dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, wani zagayayye, sai an saka an ji. Sabuwar hula ya kamata ta ɗan yi gardama wajen shiga, ta matse kumatu har mutum ya ji in ya tauna zai ciji cikin bakinsa. A ɗaure maɗauri, mushrif ya kama hular da hannu biyu ya juya ta dama da hagu: fatar goshi da kumatu su bi ta. In hular ta juya fuska ta tsaya, ta yi yawa. Yatsa kada ya shiga tsakanin goshi da katifa. Sannan yaro ya sunkuyar da kai, a kama hular ta ƙeya a ja ta sama da gaba da ƙarfi. In ta fita, ko ta rufe masa ido, haka za ta yi a titi. A ƙarshe ya zauna da ita minti goma sha biyar. Matsi ko'ina daidai ba laifi ba ne, katifa za ta saki da kanta cikin 'yan makonni; amma ciwo a wuri guda, ko jan tabo a goshi, alama ce cewa ƙirar ba ta kansa ba ce, a sauya kamfani, kada a ƙara girma.

Daga nan za ku ga dalilin da ya sa muke cewa hula ta bi mutum, kada ta bi babur. Inda yara biyu ko uku ke karɓa-karɓa da dabbab ɗaya, na safe mai kai 56 na dare mai kai 60, hular da ta shiga kan na dare rawa take yi a kan na safe. Ga katifa ba ta bushewa tsakanin aikin safe da na dare, sai wari, sai ƙuraje da makero su bi yaran. Mafi muni kuma, babu wanda ya san tarihinta: na safe ya faɗi da ita ya yi shiru, na dare ya ɗauka ya hau titin Haramain. A rubuta sunan kowa a ɗan ƙyalle a ɗinke a katifa. Kuma a hana saka hula ko tagiya mai kauri ko naɗin shimag, ƙyallen kai na Larabawa, a ƙarƙashinta, haka ma facin-kaf da ake juya bakinta baya. Duk abin da ya shiga tsakanin kai da katifa yana ɗaga hular sama, ya bar ƙeya da gefen kunne a fili, ya kuma sa ta zame. Mai son abin tare gumi ya sa siririn ƙyallen kai marar kauri, a ba shi biyu ko uku yana wankewa kullum. Wayar da ake cusawa tsakanin kunne da hula ita ma a daina. Tana buɗa matashin kumatu har ya saki, ranar faɗuwa kuma gilashinta a gefen kai zai fashe, inda ƙashi ya fi siranta.

Maɗauri shi ne inda aka fi ha'inci. Ku tsaya a ƙofar gidan abinci da la'asar ku dubi layin baburan da ke jiran oda: wani maɗaurinsa na lilo, wani ya ɗaure shi tun a ɗaki ya bar shi sakwa-sakwa yadda zai riƙa zurawa da cirewa ba tare da kwancewa ba, wani ya maƙale shi ta bayan hular. Dukansu kai tsirara suke. A karon farko, wato lokacin da babur ya daki abu, hular da ba a ɗaure ba take tashi, a karo na biyu kuma kai ya sauka shi kaɗai. Maɗauri ya bi ta ƙarƙashin muƙamuƙi kusa da maƙogwaro, ba a kan tsinin haɓa ba, kuma yatsa biyu kawai su iya shiga tsakaninsa da fata. Maɗauri mai zobba biyu ana zura igiyar ta cikin duka biyun, a juyo da ita ta saman na farko ta shiga na biyu, a ja. Ɗan maɓallin da ke bakin igiyar na hana ta kaɗawa a iska ne kawai, kuma mun sha ganin wanda shi kaɗai yake maƙalawa yana zaton ya ɗaure. Ga mai sauka sau talatin a yini, mai haƙoran ƙarfe da ake turawa ya fi sauƙi, sai dai ƙura na cika shi. A wanke shi da ruwa da tsohon burushin haƙori, a tabbata yana ƙara in an tura, a kuma sake daidaita tsawon igiyar duk mako domin tana saki. Igiyar da ta fara zare ko ƙusarta ta yi tsatsa, abin da iskar Jidda ke saurin jawowa, ba a kai ta wurin baduku. Hular ce ta tashi aiki.

Yanzu ga abin da ya bambanta ƙasar nan da inda aka ƙera hulunan. A gwajin ECE ana gasa hula a digiri 50 kafin a buga ta. A Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma wannan zafin iska ne, ba na abin da aka bari a rana ba. Hukuma da kanta tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. A waɗannan sa'o'i mutum yana inuwa, hularsa kuwa tana kan babur, ko a kulle cikin akwatin saƙo, ko a bayan mota inda zafi ke haura digiri 70. Irin wannan gashi na kullum yana sakin gam ɗin da ya riƙe soso da kwano, yana busar da robar gefen gilashi, yana cinye katifa har ta zama gari, hasken rana kuma yana sa kwanon roba ya yi gautsi. Ku sa masu kanta ko ƙugiyoyi a inuwa a masauki da wurin jira, yaro ya shiga da hularsa duk inda ya shiga. Kada a kifa ta a kan madubi: bakin madubin yana lotsa farin soso daidai tsakiyar kai, in kuka cire katifar irin wannan hula za ku ga ramin da idonku. Kada a ɗora ta a kan tanki, domin tururin fetur na cin soson. Wanda ke shakka ya ɗiga fetur a kan guntun farin soson kwali ya ga yadda yake narkewa. Kada a rataye ta a gefe kusa da salansa. A kan sirdi kuma iska ko gwiwar mai wucewa ke tunkuɗo ta.

Masu son launin kamfani su saye ta da launin tun daga masana'anta. Fentin feshi da tina suna shiga jikin polikabonet su raunana shi ba tare da an gani ba, haka ma wasu nau'o'in gam na sitika. Ba a huda kwano don ɗaura kyamara ko fitila, ba a kuma yanke soso don a saka lasifikar waya. Hulunan yanzu da yawa suna zuwa da gurbinta a wajen kunne. In za ku zaɓa, ku zaɓi fara. Ba ta ɗaukar zafi kamar baƙa, kuma wani bincike da aka yi a Okland ta New Zealand, aka buga a 2004, ya samu cewa masu farar hula sun fi masu baƙa ƙarancin shiga haɗari da kashi 24 cikin ɗari, saboda direba ya fi saurin ganinsu.

Wanki ba shi da wuya. Da bazara katifa da matasan kumatu na son wanki duk mako. A ɓalle su a hankali, a jiƙa a ruwa mai ɗumi-ɗumi da bai wuce digiri 30 ba, da ɗan shamfu na jarirai, a matsa da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, a shanya a inuwa gaban fanka. Ba a shanya su a rana, ba a busar da su da na'urar busar da gashi. Wanda ya sayi hula ya sayi katifa ta biyu tare da ita, ɗaya na kai ɗaya na bushewa. Turare da ake fesawa a ciki don kashe wari yana da sinadarin da ke taɓa soso, kuma warin bai tafi ba, an dai rufe shi. Kwanon waje ruwa da sabulu marar ƙarfi sun ishe shi. Ƙofofin iska da ƙurar Riyad ta toshe a bi su da burushi mai laushi.

Gilashin fuska roba ne, kuma ƙurar nan yashi ce. Duk wanda ya goge shi a bushe da hannun riga ko tishu ya kankare shi. A shimfiɗa masa jiƙaƙƙen ƙyalle na minti biyar datti ya jiƙa, a zuba ruwa, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Ruwan goge gilashin mota ko na taga ba nasa ba ne. Ƙujewar da ba a damu da ita da rana ba ita ce da dare ke tarwatsa hasken fitilun da ke tahowa har mutum ya daina ganin gefen titi, aikin kai saƙo kuwa rabinsa na dare ne, balle a watan azumi da oda ke kaiwa har sahur. Gilashi kayan sauyawa ne, noti biyu ko maɓalli biyu ne ke riƙe da shi, ku ajiye su a sito yadda kuke ajiye birki. Baƙin gilashi da mai ƙyalli na rana ne kaɗai. Yaron da ya fita da shi tun azahar, in magariba ta yi masa a hanya, ko dai ya tuƙa a duhu ko ya ɗaga shi ya bar ido ga ƙura da tsakuwa. Maganin wannan shi ne farin gilashi a waje da ɗan baƙin tabarau na ciki da ake saukewa da maɓalli.

Masu ƙera huluna da gidauniyar Snell ta Amurka, wadda ke gwada su, suna ba da shawarar a sauya hula bayan kimanin shekara biyar ana amfani da ita. Wannan lissafin mai hawa jefi-jefi ne. Hular da ke kai awa goma kullum, cikin gumi da ranar Hijaz, a ganinmu kada ku jira ta kai haka. Daga shekara biyu a fara yi mata kallon tsohuwa. Ranar ƙira tana kan wata 'yar sitika a ƙarƙashin katifa ko a jikin maɗauri, a duba ta tun a shago, domin akwai hular da ta shekara huɗu a sito kafin a sayar. Duk wata uku mushrif ya cire katifa ya haska fitilar waya a kan soson: tsaga, rami, wurin da ya yi laushi, ko soson da ke motsi a cikin kwano, kowanne ya isa dalili. Wasu kamfanoni na shafa wa soson baƙin fenti, saboda in ya murƙushe farin layi ya bayyana. Hular da a da take matse kumatu yanzu kuma take juyawa, a gwada sabbin matasai. In ba ta kama ba, a ajiye ta. Wadda ta zamo daga sirdi babu kai a ciki galibi ba ta mutu ba, amma a duba ta. Ta kasuwar gwanjo kuwa, komai kyanta da sunan kamfaninta, ba a saye, domin mai sayarwa ma bai san abin da ta gani ba.

A nan akwai gyaran da ku kaɗai za ku iya yi, Alhazai. Muddin kuɗin hula daga albashin yaro ake cirewa in ta lalace, ba zai taɓa faɗa muku ya faɗi da ita ba. Zai goge ta, ya manna sitika a kan ƙujewar, ya ci gaba. Ku sanar da su cewa wanda ya kawo hular da ta bugi ƙasa za a ba shi sabuwa ba tare da cire masa ko riyal ba, ku kuma ajiye biyu ko uku na kowane girma a sito don kada a ce ya jira gobe.

In haɗari ya auku, Allah ya kiyaye, abin da jama'a ke fara yi shi ne fizge hular don mutum ya sha iska. Ku koya wa yaranku su hana. Wanda ya bugu a kai ana ɗaukarsa a matsayin mai rauni a wuya har sai likita ya ce babu, kuma jan hula na iya gusar da ƙashin da ya tsage ya taɓa laka. A kira Hilal Ahmar, masu motar agajin gaggawa, a 997, a tare motoci, a ɗaga gilashin fuska, mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa ya riƙe hular da hannu biyu kada ta motsa, yana yi masa magana. Ba a ba shi ruwa, ba a zaunar da shi, ba a cusa shi a mota. Ana cire hula ne kawai in ba ya numfashi, ko amai ko jini na shaƙe shi, kuma aikin mutum biyu ne. Na farko ya riƙe hular, na biyu ya kwance ko ya yanke maɗauri, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙeya ɗaya a muƙamuƙi ya riƙe kai. Sannan na farko ya buɗa gefunan hular, ya ɗan karkata ta baya ta wuce hanci, ya zare ta a hankali a miƙe, na biyu yana bin ƙeya da hannu kada kai ya faɗi. Wasu huluna na da jajayen igiyoyi a ƙarƙashin kumatu, in an ja su matasan ke fita, hular ta saki.

Wanda ya tashi da ƙafarsa ya ce lafiyarsa ƙalau ma kada a mayar da shi kan babur a ranar. Jinin da ke taruwa a cikin kai yakan bar mutum garau na 'yan sa'o'i kafin ya kayar da shi. A kai shi asibiti, a tafi da hular, domin wurin da ta bugu yana nuna wa likita inda zai duba. In an sallame shi, abokan ɗakinsa su sa masa ido kwana biyu: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ruɗewa, gani biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ruwa ko jini daga hanci ko kunne, kowanne aka gani a koma asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Hular kuma, bayan an gama da rahoton haɗari da inshora, a yanke maɗaurinta da almakashi, a ɓalle soson a farfasa kafin a jefa ta a shara, don kada wani ya tsince ta ya wanke ya kai kasuwa.

Allah ya tsare mana yaran, ya sa albarka a nema. Wassalam.

Naku,
wasu makanikan babur da masu sayar da kayansa, Jidda.